Sharhi kan tabaran VR na kwali da na saya a Terminus domin aikin aji

A zangon karatu na biyu, wanda muka fara cikin tsananin sanyin Janairu, na ba ɗaliban ajin SS2 da nake koya wa Fiziks a wata makarantar sakandare a Jos aikin haɗa tabaran VR da hannunsu, wato irin akwatin nan da ake zura wayar hannu a cikinsa, mutum ya kara a idonsa, ya ga kamar ya shiga cikin hoton da ke kan wayar. Abin da ya sa na zaɓi wannan aiki shi ne, darasin haske da gilashi na cikin darussan da yaranmu ke haddacewa ba tare da sun taɓa riƙe gilashin a hannu ba. Za su zana maka kibiyoyin haske a kan allo, su kawo lissafin daidai, amma da zarar ka miƙa musu gilashi ka ce su nuna maka inda yake tattara haske, sai aji ya yi tsit. Wannan sharhi ya shafi kayan da na saya domin aikin da kuma shagon da ya sayar mini, kuma na rubuta shi ne domin malamai da iyayen da ke tunanin kashe kuɗinsu a kan irinsa.

Shagon ƙarami ne, yana cikin jerin masu sayar da caja da rigar waya da abin sauraro a yankin Terminus, ba nisa da titin Ahmadu Bello. Na zagaya shaguna biyar kafin na dace da shi, domin yawancinsu tabaran roba suke da shi, wanda aka riga aka haɗa tun daga masana'anta, kuma wannan ba zai koya wa yaro komai ba. Mai shagon, wani matashi mai natsuwa, ya janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe ƙurar da ke kansa, ya ce mini, "Malam, waɗannan sun daɗe a nan, babu mai tambayarsu." Saiti ne na kwali a shimfiɗe, an yanka an tsaga wuraren lanƙwasawa, babu sunan kamfani a jiki, babu takardar bayani sai wasu lambobi da aka buga a kan kwalin. Na sayi saiti huɗu, sannan na roƙe shi ya samo mini gilasan kaɗai guda ashirin, wato na tabarau goma. Ya yi alkawarin kwana huɗu, kayan suka iso daga Legas bayan kwana tara, amma ya kira ni sau biyu a tsakani ya sanar da ni halin da ake ciki, kuma bai ƙara ko sisi a kan kuɗin da muka yi ciniki ba. Kuɗin gilasai biyu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin cikakken saiti ba.

Duk wanda ya san tarihin abin zai gane cewa saitin kwaikwayo ne na Google Cardboard na farko. Injiniyoyi biyu na kamfanin Google da ke aiki a birnin Faris, David Coz da Damien Henry, su ne suka ƙirƙiro shi, aka kuma fito da shi a taron masu haɗa manhaja na kamfanin a watan Yunin 2014. Kamfanin ya saki zanen a fili domin kowa ya yanka nasa, shi ya sa masana'antu da yawa suka shiga buga irinsa suna sayarwa. A watan Nuwamban 2015 jaridar New York Times ta raba wa masu biyan kuɗin jaridarta fiye da guda miliyan ɗaya, a 2019 kuma Google ya ce an fitar da fiye da miliyan 15 a duniya, kafin ya daina sayar da nasa a 2021. Abin da ke hannuna ke nan zanen 2014 ne da wata masana'anta da ban san sunanta ba ta buga, kuma kusan duk alherinsa da duk aibinsa daga wannan tsufa suka samo asali.

A cikin kowane saiti akwai kwalin da aka yanka, da gilasai biyu na roba mai haske masu tudu a fuska biyu, faɗin kowanne milimita 25, da maganaɗisu biyu, da abin mannewa mai ƙaiƙayi irin wanda ake sa wa takalmin yara, da roba guda ta hana waya zamewa. Haɗawa ba ta da wuya. Rukunin da ya fi sauri ya gama cikin minti goma, wanda ya fi jinkiri kuma ya ɗauki rabin sa'a saboda sun lanƙwasa wani sashe ta baibai.

Gilasan su ne ran wannan kaya, don haka a kansu na fi ɗaukar lokaci. Zanen asali ya tanadi gilashin da ke tattara haske a tazarar milimita 45, sai na ga bai kamata in gaskata hakan da ka ba tunda babu wata shaida a jikin kayan. Da tsakar rana na fitar da ajin filin makaranta, kowane rukuni da gilasansa da farar takarda da rula. Yaro ɗaya ya riƙe gilashi yana fuskantar rana, yana ɗagawa yana saukewa a hankali har sai hasken da ke kan takarda ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya mai ƙyalli, ɗayan kuma ya auna tazarar da ke tsakanin gilashin da takardar. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta daɗe tana riƙe da nata har takardar ta fara baƙi, wani siririn hayaƙi ya tashi, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe wannan ɗigon ne muke ta zanawa a littafi." Daga cikin gilasai ashirin da aka kawo daga baya, goma sha shida sun faɗi kusa da milimita 45 gwargwadon abin da rula za ta iya nunawa. Uku sun kauce ƙwarai, ɗaya kuma yana da wani layi a tsakiyarsa tun daga wurin ƙira, wanda ke sa rubutu ya karye idan an duba ta cikinsa. Na mayar da huɗun shagon, ya canja mini biyu nan take daga saitin da suka rage masa, ya kuma mayar mini da kuɗin sauran biyun ba tare da jayayya ba. Shawarata ga duk mai saye ita ce kada ya bar ƙofar shago sai ya yi wannan gwaji, domin idan gilashin dama da na hagu suka bambanta, idanu biyu ba za su daidaita ba, kuma ciwon kai ne zai biyo baya.

Dalilin da ya sa wannan tazara ke da muhimmanci shi ne ainihin darasin da nake son koyarwa. Idon mutum ba ya ganin abu sosai cikin sauƙi idan tazararsa da ido ta gaza santimita 25, alhali fuskar wayar da ke cikin akwatin ba ta kai santimita goma daga ido ba. Idan aka ajiye wayar kaɗan a cikin tazarar da gilashin ke tattara haske, gilashin zai nuna hoton a miƙe, da girma, kuma kamar yana can nesa, sai ido ya saki jiki ya kalla ba tare da wahala ba. Kuskuren milimita uku ko huɗu a wannan wuri ya isa ya sa komai ya yi dishi-dishi. A nan saitin da na saya ya cancanci yabo, domin an yanka kwalinsa daidai, kuma dukan huɗun sun ba da hoto mai kyau tun a gwajin farko.

Inda ya gaza shi ne tazarar da ke tsakanin ramukan idanu biyu. Manhaja tana raba fuskar waya gida biyu, ta ba kowane ido hotonsa da ɗan bambanci kaɗan, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa su ta fitar da zurfi. Wannan dabara ta girmi waya nesa ba kusa ba, domin tun a 1838 Charles Wheatstone ya bayyana ta a Ingila da na'urarsa mai madubai. Na sa yara su miƙa babban yatsa su rufe ido ɗaya, sannan su canja, su ga yadda yatsan ke tsalle, daga nan kuma kowa ya auna wa abokinsa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonsa. A wurin manya matsakaicin wannan tazara kusan milimita 63 ne, amma fuskoki sun bambanta, kuma yara da yawa ba su kai haka ba. Ramukan saitin a kafe suke, ba sa matsawa. Ɗalibai biyar a cikin talatin da takwas sun ce abu biyu-biyu suke gani, ko kuma sai sun matse ido kafin hoton ya haɗu. Wata daga cikinsu ta ajiye tabaran bayan ƙasa da minti ɗaya, idonta ya kawo ruwa, kuma na ga alamar ta ɗauka laifin idonta ne, har sai da na bayyana mata cewa akwatin ne ba a yi shi da ma'aunin fuskarta ba.

Rukuninta ne ya kawo maganin matsalar. Da suka zo yanka nasu akwatin daga kwalin takalmi, maimakon su huda ramuka biyu zagayayyu, sai suka yanka doguwar tsaga, suka ɗaura kowane gilashi a kan wani ɗan falle na kwali mai zamewa hagu da dama, da ɗan kunne a sama wanda ake ja da yatsa. Bai yi kyan gani kamar na shago ba, salatif ya yi masa yawa, amma duk wanda ya kara shi a ido yana iya daidaita shi da fuskarsa, kuma a ƙarshen zango shi ne tabaran da aka fi yi wa layi. Wannan ne ya tabbatar mini cewa amfanin saitin da aka saya shi ne ya zama abin koyi da ake aunawa a kwafa, sannan a gyara inda ya gaza.

Akwai kuma matsalar girman waya. An zana akwatin ne domin wayoyin 2014, waɗanda fuskarsu ba ta kai inci shida ba, alhali yawancin wayoyin da ke hannun mutane yanzu sun haura haka. Wayoyinmu sun riƙa leƙowa ta gefe, murfin ba ya rufuwa sosai, haske yana shiga, kuma sau ɗaya wata waya ta zame ta faɗo a kan tebur, Allah Ya kiyaye ba ta fashe ba. Gilashi mai faɗin milimita 25 shi ma ya yi ƙanƙanta ga irin wannan fuska, sai mutum ya ji kamar yana leƙe ta cikin bututu. Maɓallin maganaɗisu da ke gefe, wanda ake ja ƙasa domin na'urar gane alƙibla da ke cikin waya ta ji canji ta ɗauka an danna, ya yi aiki a waya ɗaya tak cikin waɗanda muka gwada. Zanen da aka fitar a 2015 ya riga ya bar maganaɗisu ya koma maɓallin da ke taɓa fuskar waya kai tsaye, ya kuma ƙara girman gilasai da na akwatin. Mu dai mun huda ƙaramar kafa a ƙasan akwatunanmu ta yadda yatsa zai shiga ya taɓa fuskar, kuma wannan ya wadatar. Shi kansa kwalin saitin siriri ne, yana shan maiƙon goshi, cikin mako biyu wurin ya yi baƙi ya yi laushi, gefen hanci kuma yana da kaifi. Mun liƙa salatif a goshi, muka naɗe wurin hanci da ƙyalle mai taushi.

Abin da ya fi ba ni takaici, wanda kuma nake ganin ya kamata mai shago ya faɗa wa duk mai saye tun kafin a karɓi kuɗi, shi ne ba kowace waya ce ke aiki da wannan tabarau ba. Domin hoto ya bi juyawar kai, dole wayar ta kasance da wata ƙaramar na'ura mai suna jairoskof, wadda ke auna yadda ake juya wayar, kuma wayoyi masu araha da yawa ba a sa musu ita. Na tara wayoyi goma sha ɗaya daga abokan aiki da iyayen da suka amince su ba da aro, huɗu kawai suke da ita. Wani yaro ya yi kwanaki yana lallashin mahaifinsa kafin ya ba shi aron waya na yini ɗaya, ya zo da ita a naɗe cikin hankici, ya zura a akwatin da ya kwana yana yankawa, ya juya kansa dama ya juya hagu, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, nawa ba ya juyawa." Ban ji daɗin wannan rana ba, kuma da na bincika tun farko da ban bar shi ya sha wannan wahala ba. Da na koma shagon na yi wa mai shi bayani, ya ce shi ma bai san da haka ba, kuma na gaskata shi, amma wanda ke sayar da kaya ya kamata ya san sharaɗin da kayan ba sa aiki sai da shi. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a buɗe bidiyo mai zagaye 360 a YouTube, wanda ya fara karɓar irinsa tun 2015, a juya wayar a hannu. Idan hoton ya bi juyawar, wayar za ta yi, idan kuwa sai an ja da yatsa, to ba za ta yi ba.

Wayoyi bakwai da suka rage ba su tashi a banza ba, kuma ta dalilinsu ne muka yi aikin da na fi alfahari da shi. Hoto mai zurfi ba ya buƙatar jairoskof, hotuna biyu kawai yake buƙata. Yara suka ɗora waya a kan rula, suka ɗauki hoto, suka matsar da ita dama da kimanin santimita shida da rabi, suka sake ɗauka, sannan muka jera hotunan biyu gefe da gefe a fuska ɗaya. Sun ɗauko bishiyar mangwaron da ke bakin ofishin malamai, da wata mai sayar da dankalin Turawa da karas a Farin Gada bayan sun nemi izininta, da tarin duwatsun da ke bayan unguwarsu, irin waɗanda suka hau kan juna da Jos ta yi suna da su. Yaron da wayar mahaifinsa ta ƙi juyawa shi ne ya ɗauko hoton duwatsun, kuma da shugabar makaranta ta kara tabaran a idonta sai ta miƙa hannu gaba kamar za ta taɓa dutsen da ke kusa. Ya ce mata, "Ranki ya daɗe, bayan gidanmu ne." Da irin waɗannan hotuna muka cike giɓin rashin manhajar Expeditions, wadda aka yi musamman domin yawon buɗe ido na ɗalibai a aji amma aka rufe ta a 2021. Bidiyoyin ƙarƙashin teku da na sararin samaniya kuwa suna cin data ƙwarai, kuma idan aka rage ingancinsu domin tsimi, gilashin yana ƙara girman ɗigogin hoton har abin ya daina daɗin kallo.

Akwai rukunin da ya ƙi karɓar gilashin shago, suka ce za su yi nasu da gorar ruwa. Sun yanko wurin da ya lanƙwasa a kafaɗar gora guda biyu-biyu, suka haɗa bakinsu da gam, suka ɗura ruwa da sirinji. Abin ya ƙara girman rubutu, kuma ya nuna musu a zahiri cewa lanƙwasa da abin da ke ciki ne ke karya haske, amma ba su taɓa samun biyu da suka yi daidai da juna ba, ga kumfar iska, ga yoyo a kusa da wayar aro. Na ba su maki mai kyau saboda ƙoƙari da fahimta, sai dai ban yarda a yi kallo da shi ba.

Game da lafiya, ban bar kowa ya wuce minti biyar ba, kuma a zaune ake kallo. Jiri da tashin zuciya na zuwa ne idan ido ya ce ana tafiya alhali sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki ya ce ana zaune, ko kuma idan hoto ya yi jinkirin bin kai. Yara sun so su ɗaura wa akwatin igiya a kai, na hana, domin riƙewa da hannu na rage saurin juya kai, kuma yana sa a sauke shi nan take idan an ji ba daɗi. Duk da haka ɗalibai uku sun yi ƙorafin jiri. Tunda tabarau ɗaya na zagaya fuskoki da yawa, duk mai jan ido ko alamar afolo ba ya karawa, kuma muna goge wurin da salatif ya rufe bayan kowane mutum. Sanyin Jos ma ya kawo nasa: da safe gilasan na yin sanyi ƙalau, da zarar an kara a fuska mai ɗumi sai su yi hazo, don haka muka mayar da darasin bayan tara, muna kuma ɗumama su a tafin hannu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kansu, kuma da yake roba ce, gogewa da gefen riga na barin zane, sai an hure ƙurar tukuna a goge da ƙyalle mai laushi. Bayan abin da muka gani ya faru da takarda a fili, babu wanda ya buƙaci a maimaita masa cewa ba a barin tabarau a rana da waya a ciki.

Hukuncina shi ne, gilasan sun ci kuɗinsu, cikakken saitin kuwa guda ɗaya ya ishi aji. Malamin da ke son yin wannan aiki ya sayi saiti ɗaya domin aunawa, ya zuba sauran kuɗin a gilasai, ya gwada kowanne a rana, ya tabbatar yana da aƙalla wayoyi uku masu jairoskof kafin ya sanar da yara, sannan ya nemi kwalin takalmi ko wani kwali siriri mai ƙarfi, domin kwalin taliya ya yi kauri, ba ya lanƙwasuwa da kyau. Wanda kuma yake neman abin kallon fim na sa'a guda a gida, wannan ba nasa ba ne, zai gaji da riƙo, wayar za ta yi zafi, kwalin kuma ba zai daɗe ba. Shagon zan sake komawa, saboda mai shi ya cika alkawarin farashi, ya karɓi kayan da suka lalace, kuma da na je na ƙarshe na tarar ya rubuta a wata takarda ya manna a jikin ƙunshin cewa a gwada waya kafin a saya. Na riga na ba shi saƙon gilasai masu faɗi irin na zanen 2015 domin ajin baɗi. Na bana kuwa mun ciro su daga akwatunan da suka yi laushi, mun naɗe kowane biyu a takarda da ma'auninsu a rubuce a jiki, suna cikin wani gwangwanin madara a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje.